Za a iya yi wa mai lasisi zambo da lasisinsa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na gama rubuta wani ɗan labarin kasada na Dungeons & Dragons, wasan nan na tebur da ake bugawa da dayis kowa yana taka rawar jarumi, ina son in kai shi kasuwa ko da dala 3 ce. Wata ƙungiyar matsafa ce da ke zaune a gaɓar teku. Shekara da shekaru sun bar kowa yana amfani da kundin tsafinsu kyauta, har da rantsuwar cewa haka za a tabbata. Rana ɗaya aka wayi gari suka ce rantsuwa ta tashi, duk jarumin da ya fito daga kogo da dukiya sai ya ajiye musu rubu'i. Shugabansu beholder ne, dodon nan mai ƙaton ido a tsakiya da ƙanana goma da suka tsiro masa a ka, na mai da kowane ido akanta mai leƙa aljihu. Garin kuma Waterdeep. Ba sai na faɗa muku da wa nake ba. A ina zan sa shi, wane lasisi kuma zan bi? Wani abokina ya ce tunda ba'a ce doka ta ba ni dama, ba na bukatar izinin kowa.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Kai Ɗan Fagge ba ka da dama wallahi 😂 Ido goma duk akantoci.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri, ban daɗe a zauren ba. Da wa yake?

Kawu Mai Kundi: Da kamfanin Wizards of the Coast yake, ɗana, masu wasan. Ma'anar sunan ke nan, matsafan gaɓar teku. A 2000 suka fitar da lasisin da ake kira OGL, wanda ya ba kowa damar ɗaukar ƙashin bayan dokokin wasan ya gina nasa ya sayar, ba tare da biyan ko sisi ba. A kansa kamfanin Paizo ya gina wasansa na Pathfinder a 2009. To a farkon Janairun 2023 sai wani sabon daftari ya fita waje ba da son su ba, kafar labarai ta Gizmodo ta buga labarin. A ciki sun ce tsohon lasisin ya daina aiki, kuma duk wanda cinikinsa ya haura dala 750,000 a shekara zai ba su kashi 25 cikin ɗari na abin da ya hau kai. Rubu'in da ka ji ke nan. Jama'a suka yi ta soke rajistarsu ta D&D Beyond, dandalin wasan na intanet, Paizo ta ce za ta kawo wani lasisin mai suna ORC. Kafin watan ya ƙare, ranar 27, kamfanin ya janye, ya bar tsohon lasisin yadda yake, ya kuma saki kundin dokokin SRD 5.1 a ƙarƙashin Creative Commons, wani buɗaɗɗen lasisi da ba nasu ba.

Barista Mai Dayis: Ɗan Fagge, matsalarka ba matsafan ba ne. Beholder ne da Waterdeep. Abin da aka saki a Creative Commons dokoki ne da dodanni na gama-gari, irin su goblin da dragon. Ƙididdigar beholder da siffarsa ba sa ciki, haka dodon mind flayer, haka duniyar Forgotten Realms baki ɗaya, wadda garin Waterdeep ke cikinta. Tun zamanin OGL suka ware su suka ce waɗannan na gida ne.

Ƙofar da aka buɗe ta amfani da su ita ce kasuwar intanet ta DMs Guild, wadda aka kafa a 2016. A can kana iya ɗaukar garin da dodon duka. Amma ka karanta sharuɗɗan kafin ka danna. Rabin ciniki ne naka. Abin da ka sa a can ba ka da ikon sayar da shi a wani wuri. Sauran marubutan dandalin suna iya ɗibar abin da ka ƙirƙira su yi nasu da shi. Masu wurin kuma suna da ikon sauke littafi idan sun ga ya saɓa wa ƙa'idarsu. Ka kama hayar shago ke nan a kasuwar mutum, ka kafa lasifika a ƙofa kana yi masa habaici. Yana iya yin dariya ya wuce, yana iya karɓe makulli, kuma duk wanda ya zaɓa a ciki takardar da ka sa wa hannu tana bayansa.

Ɗan Fagge: To Barista, idan ban sa hannu a komai ba fa? In buga abina a wani wuri, in ce ba'a ce. Ba haka dokar Amurka ta ce ba?

Barista Mai Dayis: Ta ce, amma ba yadda abokinka ya ji ba. A 1994, a shari'ar Campbell da Acuff-Rose, Kotun Ƙolin Amurka ta raba abu biyu. Akwai wanda ya kwaikwayi aiki don ya yi wa aikin kansa ba'a. Wannan dole ya ari wani abu daga ciki, in ba haka ba wa zai gane da me yake? Kotu tana yi masa sassauci. Akwai kuma wanda ya ari aikin wani ya mai da shi sanda don ya daki wani abu can daban, siyasa ko halin mutane. Shi kotu za ta tambaye shi, me ya hana ka sassaƙa taka sandar? A 1997 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hana wani littafi da ya ari salon Dr. Seuss ya ba da labarin shari'ar O. J. Simpson, don da Simpson yake, ba da littafin da ya ara ba.

Yanzu dubi naka. Da wa kake? Da halin kamfanin a 2023. Beholder me ya yi maka? Lauyansu zai ce ba dodon kake suka ba, ɗaukarsa ka yi don sananne ne, zai jawo maka masu saye. Naka lauyan zai ce ai dodon shi ne fuskar kamfanin, sukar ɗaya sukar ɗaya ne. Duka biyun magana ce mai kama hankali, kuma sai a gaban alƙali ake sanin wadda ta yi nasara. Wannan damar kariya ce da kake ɗagawa bayan an kai ka ƙara. Ba takarda ba ce da za ka nuna a ƙofa a ce wuce. Dala nawa ka ce za ka sayar da littafin?

Ɗan Fagge: Uku 😭

Gwanin Ludo: Ai ko kuɗin buga takardar lauya bai kai ba.

Barista Mai Dayis: Sannan kada ka haɗa haƙƙin mallakar rubutu da tambarin kasuwanci, hanyarsu daban. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jack Daniel's ta shiga da wani kamfani mai yin abin wasan karnuka da siffar kwalbarta. Alƙalai tara baki ɗaya suka ce idan ka ɗauki alamar wani ka mai da ita alamar hajarka, cewa wasa kake ba zai sa a kori ƙarar tun daga ƙofa ba, sai an duba ko mai saye zai ruɗe. Don haka bangon littafinka kada ya yi kama da nasu, kada ka sa tambarinsu. Creative Commons ɗin ma ya faɗa a fili cewa bai haɗa da tambari ba.

Sabon Shiga: Amma mu a Najeriya muke. Dokar Amurka ina ruwanmu?

Barista Mai Dayis: Dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta ambaci kwaikwayon ba'a da zambo a cikin abubuwan da aka yi wa rangwame, a sashe na 20. Sai dai shagunan da ake sayar da waɗannan littattafai galibi a Amurka suke. Takardar ƙorafi ɗaya idan ta iso musu sai su sauke littafin tukuna, bayani ya biyo baya.

Kawu Mai Kundi: Bari in ba ku wani labari da ya zo a juye, don kada ku ɗauka kullum lasisi hana dariya yake yi. Akwai wanda tilasta ta ya yi.

A 1990 Jolly Blackburn ya fara wani zanen barkwanci mai suna Knights of the Dinner Table, labarin wasu abokai ne da ke taruwa a tebur suna buga wani wasa na ƙarya da ake kira HackMaster, kullum cikin gardama kan dokoki da rabon ganima. Daga baya zanen ya riƙa fitowa a mujallar Dragon. A 1999 Wizards ta tattara tsofaffin fitowar mujallar, daga ta 1 zuwa ta 250, ta sayar a faifan kwamfuta, har da zanen a ciki, alhali ba ta da haƙƙin sake buga shi ta wannan hanya. Kenzer & Company, masu zanen, suka yi magana. A cikin sulhun da aka yi ne suka samu lasisin amfani da dokokin tsohon bugun wasan, wato AD&D, suka mai da wasan ƙarya na gaske a 2001. Bugun farko ma suka rubuta masa bugu na huɗu, don a cikin zanen an daɗe ana buga shi.

Sharaɗin shi ne abin ya kasance na ba'a. Ina da kundin a nan, takarda ce mai kauri cike da jadawali, ga dokar mutunci da ke hawa da sauka, ga jerin naƙasa da ɗabi'un banza da za ka jefa dayis ka kwaso wa jaruminka, ga dodanninsa har mujalladi takwas. Amma idan ka share barkwancin, wasa ne mai kyau da gaske, har ya ci kyautar wasan shekara ta Origins. Mutane suka zauna suna buga shi ba da wasa ba. Ga masu buga shi suna son labari mai nauyi, ga lasisi ya ce sai an yi raha. Da lasisin ya ƙare a 2007, suka sake gina wasan da dokokin kansu, ya fito a 2009, mafi yawan shaƙiyancin kuma suka zubar.

Maman Hanan: Kawu wannan ai ya fi labarin Ɗan Fagge ban dariya. A ce wani yana zaune a ofis aikinsa ya tabbatar ka yi abin dariya.

Kawu Mai Kundi: Hikimar a wurin Wizards ita ce kada ya zama kishiyar sabon bugun da suka fitar a 2000. Muddin ana ganinsa abin raha, ba zai janye musu masu saye ba. Ko sun hana ko sun tilasta, ma'aunin yana hannunsu.

Bazazzagin Nottingham: Tunda an zo nan bari in sa baki, ni da nake zaune a garin Games Workshop. Su fa wasansu na Warhammer 40,000 tun 1987 da shaguɓe aka gina shi, daular mutane ce mai zalunci da tsattsauran ra'ayi wadda aka zuzuta har ta wuce hankali. A Nuwamban 2021, bayan wani ya je gasa a Sifen sanye da alamun 'yan Nazi, kamfanin da kansa ya fito ya ce daular nan izgili ce, ba abin koyi ba ce. Madalla. Amma a Yulin 2021 ɗin dai suka sabunta ƙa'idarsu suka ce ba su yarda masoya su yi fim ko zane mai motsi da kayansu ba sai da lasisi. Mai wani sanannen shirin barkwanci a YouTube, wanda ke sa sarkin daular yana magana ta na'ura yana caccakar 'ya'yansa, ya dakatar da shirin. Ba a aiko masa da takarda ba, shi ya duba ya ga ba zai iya ɗaukar kasadar ba. Ga shi kuma Ingila tun 2014 dokarta ta yi rangwame ga kwaikwayon ba'a. Su su yi shaguɓe ya halatta, kai ka yi musu sai ka fara lissafin kuɗin lauya.

Maman Hanan: To ni a nan zan rabu da ku kaɗan. Kuna magana kamar duk sharaɗin da mai lasisi ya sa zalunci ne. Ni mace ce, baƙar fata, ina jan wasa da baƙi a intanet, na san abin da ake ɓoyewa a bayan “ai wasa nake”. Mutum zai rubuta ƙazanta a kan mata ko a kan wata ƙabila, ka yi magana ya ce ba ka gane shaguɓe ba. A 2022 wani kamfani da ya ɗauki tsohon sunan TSR, kamfanin da ya fara buga wasan tun asali, ya shirya fitar da wani wasa, daftarinsa ya fito da wariyar launin fata tsirara, har da ƙayyade basirar jinsi. Wizards ta je kotu tana neman a hana. Laifi ta yi? Idan sunanka ne a jikin abu, dole ka damu da abin da ake liƙa masa.

Barista Mai Dayis: Hajiya, ba ta yi laifi ba. Amma lura da inda ta je: kotu. Ta kai hujja, ɗaya ɓangaren ya kawo tasa, alƙali a tsakiya. Abin da suka rubuta a daftarin OGL 1.2 na 19 ga Janairun 2023 daban ne. Sun ce ba za ka sa abu mai cutarwa ko na wariya ko na batsa ko na tsangwama ba, ba kuma a littafi kaɗai ba, har a halinka. Sannan suka ce su kaɗai ke da ikon yanke abin da ya zama ƙiyayya, kai kuma ka yarda ba za ka ƙalubalanci hukuncin a kotu ba. A ƙarƙashin wannan, littafin Ɗan Fagge tsangwama ne ko ba tsangwama ba? Wanda ake wa zambon shi zai faɗa.

Gwanin Ludo: Kuma in kura na da maganin zawo ta yi wa kanta. A Agustan 2022 su da kansu suka buga littattafan Spelljammer da wasu halittu masu kama da birai, hadozee, da labarin bauta da zanen da ya tuna wa mutane yadda ake zana baƙaƙe don izgili a Amurka. Sai da aka yi ca suka ba da haƙuri suka gyara.

Maman Hanan: Sun ba da haƙuri sun gyara, ka faɗa da bakinka. Wancan na TSR ɗin ya gyara? Ban ce a ba su wuƙa da nama ba. Na ce kada ku mai da kowane sharaɗi abin tsoro. Dubi lasisin wasan Mörk Borg na 'yan Sweden. Ba ka neman izini, ba ka biyan kaso, sun ce ka yi abinka da duhu da mugunta yadda kake so, amma ka guji ƙasƙantar da mata da wariyar launin fata da makamantansu. Wa ya mutu? Littattafai nawa aka yi a kansa, da yawansu ma barkwanci ne zalla.

Kawu Mai Kundi: Wannan jan-in-ja ba yau aka fara ba, 'yata. A 2003 wani ƙaramin kamfani ya shirya littafin batsa da dokokin wasan. A lokacin lasisi biyu ne, OGL na dokoki, da na tambarin d20 da ake bugawa a bango. Wizards ta ƙara sharaɗin ɗa'a a na tambarin, ta hana su tambarin. Littafin ya fito duk da haka da OGL kaɗai. Ni a ganina daidai aka yi: sunanka naka ne, ka hana wanda ka ga dama, dokokin da ka ce ka saki kuwa ka sake su. Abin da ya tayar da ƙura a 2023 shi ne sun so su ɗauko sharaɗin daga tambari su kai shi kan dokokin.

Maman Hanan: Wannan rabon na yarda da shi, Kawu. Inda ban yarda ba shi ne a ce kasuwa za ta tace kanta. DriveThruRPG ma, shagon intanet na irin waɗannan littattafai, sai da ta kafa ƙa'idar sauke abin ƙyama a 2015, bayan wani littafi da ko sunansa ba zan rubuta a nan ba.

Bazazzagin Nottingham: Shago daban, lasisi daban, Anti. Shago ya kore ka, ka koma wani. Lasisi ya kore ka, littafin ya mutu a ko'ina.

Shugaban Zaure: Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma mai tambaya yana tsaye tun ɗazu. Barista a taƙaita masa.

Barista Mai Dayis: Ka bar DMs Guild. Ka ɗauki SRD ta Creative Commons, abin da take nema kawai ka rubuta jimlar da ke nuna inda ka ɗauko. Babu sharaɗin ɗa'a a ciki, kuma muddin ka cika wannan ba a janye ta. Waterdeep ka canja mata suna da taswira. Dodon ka ƙera naka, kada ka tsaya a sauya suna kawai ka bar siffa da ƙididdiga yadda suke. Su ma sun san hanyar: a 1977, da masu haƙƙin ayyukan Tolkien suka matsa wa TSR, hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant. Matsafan gaɓar teku kuwa ka bar su yadda suke, ba ka kama suna ba, abin da ka ba da labarinsa kuma a bainar jama'a ya faru. A DriveThruRPG kaso 65 ne naka idan kana sayarwa a wasu wuraren, 70 idan a can kaɗai. Wannan hira ce ta zaure, ba na ce na zama lauyanka ba.

Ɗan Fagge: Na gode Barista. Dodon ne ke min ciwo, don a kansa dariyar take. Da muka gwada, lokacin da ido na bakwai ya ce wa ɓarawon tawaga ya cire takalmi a duba, sai da muka tsayar da wasa.

Maman Hanan: Mai da shi dodo mai hannu goma, kowane hannu da rasit. Ido leƙe kawai yake yi, hannu shi ke karɓa.

Sabon Shiga: Na ga wani ya ce sunan Strahd, sanannen mai shan jinin nan na wasan, ya shiga cikin abin da aka saki a 2023. Ke nan ana iya yin littafi da shi?

Barista Mai Dayis: Sunan ya fito a SRD 5.1, a matsayin misali a bayanin wata baiwar jarumin da ake kira paladin. Sunan ke nan kawai. Tarihinsa da fadarsa da ƙasarsa ba su biyo shi ba, duk suna cikin littattafan da ba a saki ba. Kana iya ambatonsa, amma duk abin da zai sa mai karatu ya gane shi ne, yana wancan ɓangaren.